Bashin gaisuwa: komawata Kano bayan doguwar tafiya

Na bar Kano a 2012, lokacin litar fetur tana naira 97, acaɓa ya cika titi, marigayi Sarki Ado Bayero kuma yana kan gadon sarauta. Karatu ne ya kai ni Kartum, daga nan neman abinci ya tsallaka da ni Jidda, na zauna a shagon wani tela a unguwar Karantina ina yanka ina haɗa jallabiya. Kowace shekara sai in ce bayan aikin Hajji zan leƙo gida, kowace shekara kuma sai wani abu ya gitta. Yau takardar zama ce za a sabunta, gobe kuɗin jirgi ne bai cika ba.

A Sudan na ga inda irin wannan "sai baɗi" take kai mutum. Akwai garin Mai Wurno a gefen kogin Nilu, wanda ya samo sunansa daga ɗan Sarkin Musulmi Attahiru da ya yi gabas da jama'a bayan yaƙin Burmi na 1903. Ban da zuriyarsu, ga jikokin mahajjatan da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa, suka yada zango don su yi noma su ƙara guzuri, zangon ya zama gida. Sai ka ji tsoho yana cewa shi Bakano ne, har ya faɗi unguwar kakansa, alhali bai taɓa ganin Dala da idonsa ba. Tsoron kada in bi sahunsu ya sa a ƙarshen 2024 na sayar da keken ɗinkina na ɗaure kaya.

Aikin dawowa tun a can ya fara. Ƙanwata, wadda na bari tana firamare yanzu kuma tana goye da ɗa, ta zauna da mahaifiyarmu Hajiya suka rubuto mini sunaye: waɗanda suka rasu, waɗanda suka yi aure, waɗanda aka yi wa haihuwa. Duk na ji labarinsu a lokacin da abin ya faru, na kuma buga waya na yi abin da ya kamata. Amma ganin sunayen a jere, gida bayan gida, ya sa jikina ya yi sanyi. A ƙasan takardar ta rubuta: "Yaya, Hajiya ta ce duk sai ka taka."

Sai tsaraba. Wanda ya fito daga ƙasa mai tsarki an san abin da ake jira a hannunsa: dabino, Zamzam, bagaruwa, carbi, darduma, kwalli, turare, jallabiya ga maza, abaya ga mata. Awon kayan jirgi kuwa ba ruwansa da yawan danginka. Wani dattijo Bakatsine da ya daɗe yana kai-kawo ya ce kada in wahalar da kaina, in ɗauko Zamzam da dabino mai kyau da turaren da zan ba manya, saura in saya idan na sauka. Ya yi gaskiya. Kasuwar da ke bakin sansanin alhazai a Kano babu abin da babu, kuma carbin can da na nan galibi daga Caina aka kawo su. Shawararsa ta biyu ta ma fi ta farko amfani: kada in kuskura in raba da hannuna. Namiji bai san wadda ta kawo turmin atamfa ranar bikin ƙanwarsa ba, bai san wadda ta kwana jinyar mahaifinsa ba, bai san gidan da idan aka kai wa uwargida ba a kai wa amarya daidai da shi ba za a shekara ana magana. Mata suna riƙe da wannan lissafi a ka, ba sa ɓata. Na miƙa akwatunan ga Hajiya, ta kira Gwaggo, suka shige ɗaki suka turo ƙofa. Da suka fito an ƙulla dabino leda-leda, an sirka Zamzam da ruwa don ya zagaya kowa, ko jikan maƙwabta bai rasa kurɓi ba.

Na sha gaban labarin. Mun sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da la'asar sakaliya, gari ya yi hazo, ƙanina na bi na yana jira da motar wani abokinsa. Abin da idona ya fara nema a titi bai gani ba shi ne acaɓa. An hana shi ɗaukar fasinja tun Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado, yanzu A Daidaita Sahu ce ta mamaye ko'ina, rawaya iya ganinka. Gadoji kuwa daga baya na riƙa cin karo da su, ta Ƙofar Nasarawa, ta Dangi, ta ƙarƙashin ƙasa a Kabuga da Gadon Ƙaya. Kududdufan da muka sani an cike wasu an yi gini, ganuwa ma a wurare da dama sai an nuna maka inda take. Amma da muka shiga lungunmu a cikin Birni, kwatar nan tana nan inda na bar ta, haka dakalin ƙofar gidan maƙwabcinmu.

Ni ɗan fari ne, saboda haka ban sa rai da wata rungumar juna irin ta Larabawa ba. Na cire takalmi na durƙusa a bakin ƙofar ɗakin Hajiya. Hajiya ta dubi gefe ta ce, "An zo lafiya? Ya mutanen can?" Na ce lafiya lau, suna gaisuwa. Ta ce wa ƙanwata, "Ke, kawo wa yaron nan ruwa," ta tashi ta nufi madafi kamar ta bar wani abu a wuta. Ƙanwata ce ta faɗa mini daga baya cewa tun shekaranjiya take daka kayan miya da kanta, ta hana kowa taɓawa. Kakata ce ta fanshe surutun duka. Tun daga tsakar gida take ɗaga murya: "Lale da mijin da ya gudu ya bar ni da cefane! Ina Balarabiyar da ka kawo mini kishiya?" Na ce ai na duba ƙasar kaf ban ga wadda ta kai ta kyau ba, shi ya sa na dawo. Ta ce ƙarya nake, talauci ne ya koro ni. Tana dariya tana share ido da bakin mayafi.

Kafin isha'i kwanuka suka fara shigowa. Wannan gida tuwon shinkafa da miyar taushe, wancan funkaso, gidan liman alkubus, wata tsohuwa da ta yi mini wanka ina jariri ta aiko da fura a ƙwarya. Kowane kwano yaro ne ya ɗauko, kowane yaro kuma sai an ba shi tukwici, ni ko ba ni da ko sisin Najeriya a aljihu. Ƙanina ya riga ya hango wannan. Ya zaro damin 'yan ɗari biyu-biyu ya tura mini ƙarƙashin tabarma. Wasu sababbin da aka sake wa launi a ƙarshen 2022 ne, ban taɓa riƙe su ba sai ranar.

Washegari da sassafe muka tafi maƙabartar Ɗandolo, can gindin Goron Dutse. Baba ya rasu a Afrilun 2020, a makonnin nan da dattawan Kano suka riƙa tafiya ɗaya bayan ɗaya, ga dokar kulle, ga filayen jiragen sama a rufe. Ta waya na ji, ta waya aka ce an kai shi. Maƙabartar ta cika ƙwarai, damina kuma ta bi ta kan kaburburan ta daidaita su, ba don ƙanina ba da ban gane ba. Ya tsaya daga wata bishiya ya ƙirga, ya ce, "Nan ne." Muka yi sallama, muka yi masa addu'a, muka yi wa maƙwabtansa.

Da muka dawo na tarar an shimfiɗa tabarmi a soro. Ban gane dalili ba sai da mutum na farko ya shigo, wani abokin Baba na Kantin Kwari, ya zauna ya ɗaga hannu ya ce a yi salati. Bayan an shafa ya juyo gare ni: "Ya muka ji da haƙuri? Allah Ya jiƙan Alhaji, Ya kyauta namu zuwan." Mutumin nan ya yi wa 'yan'uwana gaisuwa tun a lokacin, ya kira ni a waya ma. Duk da haka a wurinsa ni ba a yi mini ba, tunda bai zauna gabana ya faɗa ba. Haka suka riƙa zuwa har azahar, ana yi mini ta'aziyyar rasuwar da ta haura shekara huɗu kamar jiya aka yi ta. Ban ji nauyin rashin Baba a Jidda irin yadda na ji shi a soron nan ba, kuma a nan ne kukan da ban yi ba ya zo. Daga ranar na daina ganin takardar ƙanwata a matsayin wahala. Abin da aka yi mini shi ake jira in je in yi.

Zagayen yana da tsari, kuma wanda ya karya shi zai ji a bakin mata. Ta'aziyya tana gaba da barka, komai kusancin mai barkar. Dangin uba ake farawa da su, don haka gidan Baffa na fara zuwa, shi ne yanzu a matsayin Baba. Sai kawunnai da innoni. Sai malaminmu na makarantar allo, wanda na tarar idonsa ya tafi amma ya gane muryata tun daga sallama, har ya tuna mini surar da na sha bulala a kanta. Sai mai unguwa da liman, sai maƙwabta gida-gida, sai surukan ƙannena, waɗanda aka ɗaura wa aure ba na nan. Lokaci ma da nasa: hantsi ko bayan la'asar. Ka tsaya a ƙofa ka aika yaro ya ce ana sallama da maigida, in gidan na muharramai ne a ce ka shigo. Ba a zuwa hannu rabbana. Ga tsohuwa sabulu da sukari da ɗan abin goro, ga dattijo turare, ga gidan da aka bar marayu abin da ya sawwaƙa a ninke a tura ƙarƙashin tabarma ba tare da an ambata ba.

Da can duk danginmu da ƙafa ake zagaye su: Mandawari, Ɗandago, Sheshe, in an yi nisa Yakasai. Yanzu gidajen gado sun yi wa mutane kaɗan, samari sun fita bayan gari. Wannan yana Ɗorayi, wancan Rijiyar Zaki, wata tana aure a Rijiyar Lemo, wani ya yi gini can Mariri. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya zama abin lissafi, na tarar lita ta kai naira 1,000 ko fiye, har na fahimci abin da ya sa 'yan'uwan da ke gari ɗaya suke wata da watanni ba su ga juna ba sai a biki ko rasuwa. Na riƙa ɗaukar shatar A Daidaita Sahu ta wani yaron unguwarmu, mu yi yamma yau, gobe mu yi gabas.

Abin da ya fi shatar amfani shi ne ɗan rakiya. Hajiya ta haɗa ni da autanmu, wanda ban san shi ba sai a hoto, shi ko ya san kowa. Kafin mu shiga kowane gida sai ya raɗa mini: matar da ka sani ta fita, kada ka tambaye ta, wannan sabuwa ce. Babban ɗansu yana tsare, kada ka ce ina wane. Nan gidan ba sa shiri da gidan Baffa saboda maganar fili, in sun ɗauko zancen ka ce Allah Ya daidaita. Duk wanda zai dawo bayan shekaru ina ba shi shawara ya nemi irin wannan yaro, don tambaya ɗaya ta fatar baki tana iya tayar da abin da aka daɗe da binnewa. A bayan A Daidaita Sahun nan kuma ni da autan muka saba, har ya fara roƙona in koya masa yanka.

Ba ko'ina aka karɓe ni da fara'a ba. Wata gwaggona a Kurna, wadda mijinta ya rasu ina Sudan, ta bar ni a durƙushe ta ci gaba da tsince shinkafarta. Na ce, "Gwaggo, ai na kira ki a lokacin." Ta ce, "Na ji wayarka. Waya tana cire takalmi ne?" Na yi shiru, na sake gaisuwar daga farko kamar yau aka yi rasuwar, na yi wa mamacin addu'a. Sai da na shafa sannan ta ture farantin ta ce, "Ashe rai kan ga rai," ta sa aka dama mini kunun tsamiya, ta hana ni tafiya sai bayan magariba. A wannan zaman ta lissafa mini 'yan mata uku na dangi da ta ce in zaɓa. Maganar aure dai babu gidan da ba a yi mini ita ba, har na haddace amsa: ana addu'a.

Maganar kuɗi ba ta da daɗin faɗi amma tana cikin dawowa. Na bar dala tana wajen naira 160, na tarar ta haura 1,500, saboda haka duk wanda ya ji an ce ɗan Jidda ya sauka, lissafin riyal yake yi a ransa. Bayan sati na farko masu sannu da zuwa suka fara komawa masu "akwai 'yar magana". Takardar asibiti, kuɗin makaranta, jarin awara, haya ta ƙare. Ban ɗauke shi kwaɗayi ba. Na ga abin da ake sayar da kwanon shinkafa da na masara, na ga gidajen da a da ake ɗora tukunya sau uku sun koma sau ɗaya. Amma ni tela ne, abin da na tara na jari ne. Na je Wapa na canza wani kaso da na ware tun a can, na ce wannan na jama'a ne, in ya ƙare ya ƙare. Wanda na iya na yi masa, wanda ban iya ba na faɗa masa gaskiya a take, ban ce ya dawo gobe ba. Wasu sun ji haushi. Na ga gara haushin yini ɗaya da a riƙa yi mini sintiri.

Sauran 'yan hidindimu na bi layi ne kawai. Tsohon layin wayata an daɗe da ba wani. Sabo kuma ba ya samuwa sai da lambar NIN, wadda aka wajabta haɗawa da layi tun Disambar 2020. Asusuna na banki na buɗe shi kafin a zo da BVN a 2014, ya daskare, sai da aka ɗauki hoton yatsuna aka cike takardu. Kafin a gama, a wurin masu POS na bakin titi nake karɓar kuɗi ta asusun ƙanina.

Majalisarmu tana nan a gefen mai shayi, sai dai bencin ya sauya mutane. Biyu sun rasu, ɗaya yana Abuja ba ya ɗaga waya, wani ya zama ɗan siyasa yana zuwa da jar hula. Daren farko ni ne abin kallo: idonka kenan, ka yi ƙiba, ka yi fari, yaya Ka'aba take in ba kowa. Dare na biyu aka ɗan ƙara. Na uku aka koma abin da ake yi kafin in zo, wato musu. Rabi suna bayan Sarki Sanusi, wanda aka cire a Maris 2020 aka mayar a Mayun 2024, rabi suna bayan Sarki Aminu da ke gidan Nasarawa, kowa da hukuncin kotun da ya haddace. In an gaji a koma kan Pillars, yadda ta ci kofin gasar ƙasa a 2012 da 2013 da 2014, yadda ta faɗa rukuni na ƙasa a 2022 ta sake hawowa. Aka nemi in faɗi ɓangarena a maganar sarauta, na ce ni baƙo ne tukuna. Na kuma kama bakina daga "ai a can". An ɗauke wuta, ai a can ba a ɗaukewa. An yi cunkoso, ai a can ba haka ba. Na sha jin masu dawowa suna yi tun ina yaro, na kuma san abin da ake faɗa in sun tashi. Mutanen nan sun san ana ɗauke wuta, su suka zauna a cikinta.

Aminina na ƙuruciya shi bai ce komai ba a majalisa. Ya bari sai da aka watse ya ja ni gidansa, ya kira wani yaro ɗan shekara bakwai ya ce, "Zo ka gai da mai sunanka." Ya faɗa mini a waya lokacin da aka yi sunan, na yi murna, na aika da abin da na aika. Ganin yaron a tsaye yana sunkuyar da kai daban ne. Jallabiyar farko da na yanka a Kano tasa ce.

Wanda ya fi wuya shi ne wanda muke kwana gida ɗaya. Ƙanina na bi na shi ya yi jinyar Baba, shi ya shiga kabari ya karɓe shi, shi ya aurar da ƙannenmu mata, shi ake tasa da tsakar dare in jikin Hajiya ya motsa. Ni kuɗi nake aikowa, kuma kuɗi ba ya ɗaukar makara. Da na dawo sai dangi suka fara juyowa gare ni da kowace magana, wai babba ya zo. Na lura yana ja da baya, in an tambaye shi abu sai ya ce a tambayi Yaya. Ba fushi yake ba, ladabi ne, amma ladabin da in aka bar shi zai zama nisa. Wani dare bayan kowa ya kwanta ya shigo da wani littafi mai bangon kwali, ya ajiye a gabana. Duk abin da na taɓa aikowa yana ciki da kwanan wata da abin da aka yi da shi, har kason gadona na kayan shagon Baba, wanda ya juya a Kwari ya rubuta ribarsa. Ya ce, "Yaya, ga amanarka, ga kuma gida." Na rufe littafin na tura masa. Na ce gadon zan karɓa don in kama shago, amma gida yana hannun wanda ya san shi, ni ban san ko mai gyaran famfon gidan nan ba. Washegari a gaban Baffa na maimaita, don kada ta zama maganar ɗaki. Baffa ya ce Allah Ya yi mana albarka, ya kuma ce duk da haka ranar ɗaurin auren autarmu mata ni zan zauna kusa da shi.

Kwanukan maƙwabta sun daɗe da daina zuwa. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe: jiya Hajiya ta aike ni Kasuwar Rimi sayen kayan miya, ta kuma yi mini faɗa a kan an cuce ni a tattasai. Na kama ɗan shago a Fagge, autanmu yana zuwa bayan makaranta. A takardar ƙanwata saura gida ɗaya, na Kawu a Bichi, wanda ya aiko cewa ya ji labarin na zagaye Kano kaf, shi da yake mutumin ƙauye ne ba a san da shi ba. Ranar Juma'a za mu je da ƙanina. Hajiya ta ware masa turare da dabino tun ranar rabo, ta ce in ƙara da ƙwaryar goro, in kuma shirya kwana, don ba zai bar mu mu juyo a ranar ba.